Wa ke gadin manhajojin da ake rubuta wa duniya kyauta?

A ranar 29 ga watan Maris na shekarar 2024 wani injiniya Bajamushe mai aiki da kamfanin Microsoft, Andres Freund, ya sanar cewa ya gano wata ƙofar sirri da aka dasa a cikin manhajar XZ Utils, wadda ake amfani da ita wajen matse bayanai a kwamfutoci masu aiki da tsarin Linux.

Abin da ya ja hankalinsa bai taka kara ya karya ba. Ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa yana ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi sawu sai ya tarar da umarnin da, in da ya bazu, zai bai wa mai riƙe da wani mabuɗi na musamman damar juya ɗimbin manyan kwamfutoci a duniya yadda ya ga dama.

Lamarin ya sake tayar da muhawara kan yadda ake karɓar gudummawar 'yan sa-kai a buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke da ikon duba rubutun umarninsu, ya gyara, ya kuma rarraba.

Aikin gayya

Tsarin ya yi kama da aikin gayya. Mutum zai ga kuskure ko giɓi a manhaja, ya rubuta gyara, ya aika. Masu kula da manhajar su duba, su karɓa ko su mayar masa. Wanda ya daɗe yana kawo gyara mai kyau akan ba shi iznin shigar da nasa kai tsaye, har ma ya duba na wasu.

Ta wannan hanya ce Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a shekarar 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finland, ya bunƙasa. A kansa aka gina tsarin Android na wayoyin salula, kuma tun daga shekarar 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki.

Sai dai jarin wannan tsari shi ne amana, kuma ita aka ci a batun XZ.

Shekara biyu ana haƙo

Fiye da shekaru goma Lasse Collin, wani ɗan ƙasar Finland, yana kula da manhajar kusan shi kaɗai, ba tare da albashi ba. A shekarar 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare masu amfani. A shekarar 2022 kuma wasu sunaye da ba a san su ba suka dinga matsa wa Mr Collin lamba, suna ƙorafin cewa aiki na tafiyar hawainiya, ya kamata ya samu mataimaki.

Sannu a hankali Jia Tan ya samu iznin fitar da sabon zubi na manhajar. A watannin Fabrairu da Maris na 2024 ya fitar da zubi na 5.6.0 da 5.6.1, inda aka ɓoye muguwar dabarar a cikin fayilolin gwaji, wurin da ba kasafai masu dubawa ke zura ido ba.

An yi sa'a manhajar ba ta wuce nau'o'in gwaji na Debian da Fedora da makamantansu ba, ba ta kai ga mafi yawan kwamfutocin bankuna da ma'aikatu ba. Masana tsaro da dama na ganin cewa irin wannan haƙuri da ƙwarewa sun fi kama da aikin wata hukumar leƙen asiri. Da ɗan gari, in ji masu iya magana, akan ci gari.

Riba ga kamfanoni, wahala ga 'yan sa-kai

Wannan ba shi ne gargaɗi na farko ba. A shekarar 2014 aka gano kuskuren da aka laƙaba wa suna Heartbleed a manhajar OpenSSL, mai kare sirrin bayanai a intanet. A lokacin ne duniya ta ji cewa gudummawar kuɗin da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. A watan Disamban 2021 kuma wani kuskure a Log4j ya tilasta wa gwamnatoci da kamfanoni aikin gaggawa, alhali 'yan sa-kai ne ke kula da ita.

Magoya bayan tsarin na cewa batun XZ ya nuna ƙarfinsa ne, domin da manhajar a rufe take, da Mr Freund bai samu damar bin diddiginta ba. Masu suka kuwa na cewa tsaron da ya dogara ga mutum guda ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa sa'a ce kawai.

Ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda: kamfanoni na samun maƙudan kuɗi daga aikin da mutane ƙalilan ke yi a lokacin hutunsu, kuma gajiyayyen mai gadi ya fi sauƙin yaudara.

Wasu gwamnatoci sun fara motsawa. A shekarar 2022 Jamus ta kafa asusun tallafa wa irin waɗannan manhajoji, yayin da Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta fara aiki a watan Disamban 2024, wadda za ta ɗora alhakin tsaron kayan fasaha a wuyan kamfanonin da ke sayar da su.

Makomar sababbin shiga

Akwai kuma fargabar cewa tsoro zai sa a taƙaita ƙofar shiga. A watan Oktoban 2024 an cire sunayen wasu 'yan Rasha kimanin goma sha biyu daga jerin masu kula da sassan Linux, saboda takunkuman da aka ƙaƙaba wa ƙasarsu. Matakin ya nuna cewa siyasar duniya ta riga ta kutsa cikin aikin da a da gwaninta kaɗai ake dubawa.

Wannan ya shafi matasa masu rubuta manhaja a ƙasashe irin su Nijeriya da Ghana, waɗanda gudummawar da suke bayarwa kyauta ke zame musu shaidar ƙwarewa wajen neman aiki a kamfanonin waje. Idan aka koma sai an san mutum ido da ido kafin a amince da shi, wanda ba shi da biza ko kuɗin halartar taruka a Turai da Amurka shi zai fara kwana a ciki.

Mafitar da masana suka fi ambata ita ce a biya masu kula da muhimman manhajoji, a kuma tabbatar cewa mutum biyu aƙalla sun duba kowane gyara kafin ya shiga, ko daga wa ya fito. Hakan na buƙatar kuɗi, kuma har yanzu ana ja-in-ja kan wanda ya kamata ya biya, tsakanin gwamnatoci da kamfanonin da suka fi cin moriyar aikin.