Mai Son Aiki Shi Aiki Ya Ke Cinyewa

 Mun saba jin ana cewa wanda ya ke ƙaunar sana'arsa ba ya gajiya da ita. Ni kam ban yarda ba. Fitilar da aka ja lagwaninta sama ita ta fi haske, ita ce kuma manta ya ke fara ƙarewa.

Ku ji labarin wani masanin halin ɗan Adam, sunansa Herbert Freudenberger, haifaffen Jamus, mazaunin birnin Niyok a Amurka. Da rana ya kan duba masu zuwa wurinsa su biya. Da dare kuwa ya tafi wata asibitin kyauta, ya yi ta fama da matasan da shaye-shaye ya lalata, har dare ya raba. Ba wanda ya tilasta shi, so ne kurum. Ana nan, ran da ya shirya tafiya hutu da iyalinsa, sai tashi daga gado ya faskara. Jiki magayi! Daga baya ya ɗauki maganarsa a rikoda ya saurara, ya yi mamakin irin fushin da ya ji a cikin muryarsa.

A shekarar 1974 ya rubuta abin da ya gani ga kansa da abokan aikinsa, ya kira shi ƙonewa. Alamunsa su ne gajiyar da barci ba ya maganinta, da ciwon kai, da saurin fushi, da zargin mutane. Ya ce waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu himma da sadaukarwa, galibi bayan kamar shekara guda da kama aiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin littafinta, ba a matsayin cuta ba, sai dai abin da wahalar aiki mai tsawo ta ke haifarwa: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin, hannu ya daina ƙwarewa.

To, a daina son aiki ke nan? A'a. Wani malamin jami'a a Kanada, Robert Vallerand, ya nuna a 2003 cewa son iri biyu ne. Akwai wanda mutum ya ke riƙe da linzaminsa, ya yi aiki da murna, lokacin tashi ya tashi. Akwai kuma wanda shi ya ke riƙe da linzamin mutum, watau ko ya koma gida zuciyarsa tana rumfa, in ya huta sai ya ji kamar ya yi laifi. Da suka bincika ma'aikatan jinya a Faransa da Kanada, sai suka tarar na farko ya kan kawo gamsuwa, na biyu kuwa ya haɗa aiki faɗa da sauran rayuwa, daga nan ƙonewa ta ke shigowa.

Amma ba daidai ba ne a ɗora wa ma'aikaci laifin duka. Mu iyayen gida muna da namu kason, kuma babba. Yaron shagon da ya fi ƙwazo shi mu ke ƙara wa kaya, don ba ya musu. Shi zai buɗe, shi zai rufe, shi za a aika tasha. Malamin da ya fi tausayin yara shi a ke tara wa alluna, daga asuba har bayan lisha, a biya shi da yabo. Ran da ya daka wa mai ciniki tsawa, ko ya zabga wa yaro bulala a kan wasali ɗaya, sai mu ce halinsa ya sāke. Kafin a kira shi a yi masa faɗa, ya kamata maigida ya tambayi kansa, yaushe rabon da ya sallami wannan bawan Allah tun rana ba ta faɗi ba, ya je ya ci tuwo tare da iyalinsa?