Jama'ar Kaya, Ba Kowane Jini Ba Ne Basir

Jama'ar Kaya da Faru da Maradun, da 'yan'uwanmu na Bakura da Talata Mafara. Iyayenmu da malamanmu, a gafarce ni, yau maganar bayan gida zan yi, a fili kuma zan yi ta, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mafara ranar Talata ya san muryar masu magani a lasifika. Basir mai tsiro, basir mai jini, basir mai sa kasala, duk ga maganinsu a kwalba ɗaya. Magidanci ya ga jini a bahayarsa, ya sayi kwalbar a ɓoye, ya sha wata uku, ya sake mai magani, ya ƙara wata shida. Yana ramewa ana cewa basir ne ya ci shi. Ranar da ciki ya kumbura, bahaya ta tsaya cak, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa Gusau ko Sakkwato, ranar ne likita zai ce sankara ce a babban hanji, kuma ta riga ta kai hanta.

Basir gaskiya ne, yana kuma kawo jini. Atini ma yana kawowa, haka tsutsar ciki. Amma sankarar babban hanji da dubura ita ma da jinin take sallama, kuma babu mai iya rarrabe su da ido ko da jin labari. Sai an leƙa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan sankara ita ce ta uku a yawa a duniya, ta biyu a kisa. A shekarar 2020 kaɗai ta kama mutum sama da miliyan 1.9, ta kashe fiye da 900,000. Ita ta ɗauki Chadwick Boseman, tauraron fim ɗin Black Panther, a 2020 yana da shekara 43. Ita ta kwantar da Pele, sarkin ƙwallon Brazil, wanda ya rasu a Disambar 2022. Kada wani ya ce ai cutar Turawa ce da masu kuɗi. Likitocin asibitocin koyarwa na Najeriya sun daɗe suna kokawa kan abu biyu: masu zuwa musu da ita da yawa ba su kai shekara 50 ba, kuma akasarinsu sai ta yi nisa suke zuwa.

Abin da ya sa na ɗaga murya shi ne, cuta ce mai ba da lokaci. Yawanci tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji daga ciki, ba ya ciwo, ba ya hana cin tuwo. Yakan ɗauki kamar shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Manomi ya san bambancin ciyawar da aka tsige a noman farko da wadda aka bari ta yi iri. Idan an ga tsiron nan da wuri, a nan take ake cire shi, magana ta ƙare. Ko ya riga ya rikiɗe, muddin bai fita daga hanjin ba, a ƙasashen da ake gwaji da wuri kusan tara cikin goma na masu ita suna raye bayan shekara biyar. In ta bazu, lissafin ya juye.

Gwajin da ake yi sunansa kolonoskofi, wato leƙa hanji da kyamara. Bari in faɗi yadda yake, don tsoron da ake ji rabinsa rashin sani ne. Kwana biyu ko uku kafin ranar za a ce ka rage abinci mai dusa da ganye da wake. Ana gobe gwaji sai ruwa-ruwa kawai, romo tatacce da shayi ba madara, ban da zoɓo, domin jansa yana iya kama da jini a idon kyamara. Za a ba ka maganin wankin ciki, ka yi ta zarya zuwa makewayi har abin da ke fita ya zama ruwa garau. Waɗanda suka yi sukan ce nan ne wahalar take, ba a kan gadon likita ba. Ranar gwaji ka kwanta ta gefen hagu, a rufe ka da mayafi, a yi maka allurar da za ta sa jiki ya saki. Likita ya zura siririn bututu mai laushi, kaurinsa kamar yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa, ya bi hanjin da tsawonsa ya kai wajen mita ɗaya da rabi yana kallo a allo. Rabin awa zuwa awa ɗaya an gama, ranar za ka koma gida. Sai dai ka zo da ɗan rakiya, kada ka tuƙa mota ko babur. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su gaya wa likita tun kafin a sa rana. Akwai ɗan haɗarin zubar jini ko hujewar hanji, amma ba kasafai yake faruwa ba. In an duba ba a ga komai ba, yawanci sai bayan shekara 10 a sake.

Sai kunya. Na san nan ne gizo ke saƙa. Dattijo mai gemu ya ce shi a wannan shekarun wani yaro ya buɗe masa tsiraici? Baba, ka tambayi limamin masallacinku hukuncin larura wajen neman magani. Inna, kina da damar ki ce a bar 'yarki ko ma'aikaciya mace ta tsaya kusa da ke. Kunyar awa ɗaya ce, kuma wanda ya guje ta yana iya ƙarewa da tiyata babba da jinyar watanni, wani ma har a buɗe masa hanyar bahaya ta gefen ciki.

Wa ya kamata ya je? Duk wanda ya ga jini a bahaya, ko bahayarsa ta koma baƙa, ko zawo da taurin ciki suka riƙa yi masa karɓa-karɓa na makonni, ko yake ramewa ba dalili, ko aka ce jininsa ya yi ƙasa ba a san inda yake zuwa ba, wannan ba ya jiran shekaru, ko ɗan talatin ne. Wanda mahaifi ko mahaifiya ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan cuta ya fara gwajin tun yana 40, ko ma kafin nan in likita ya ce. Sauran masu jin kansu garau, a Amurka an sauko da shekarar fara gwaji daga 50 zuwa 45 tun 2021. Akwai kuma gwajin bahaya mai sauƙin kuɗi da ke gano jinin da ido ba ya gani, ana yin sa shekara-shekara, in ya nuna wani abu sannan a tafi ga kyamara.

Hanyar kuwa ta asibitin da ya fi kusa da kai take farawa. Daga nan a ba ka takarda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, su kuma su san inda za su tura ka. Ana wannan gwaji a asibitocin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano.

Ban manta halin da muke ciki ba. Hanya ba tsaro, gonaki da yawa ba su nomuwa, kuɗin mota kaɗai abin tunani ne. Shi ya sa kiran bai tsaya kan talaka ba. Gwamnatin Zamfara, 'yan majalisarmu, shugabannin ƙananan hukumomin Maradun da Bakura da Mafara, a kawo gwajin bahaya asibitocin karkara, a sa na'urar kyamara da likitan da ya iya ta a babban asibitin Talata Mafara, a sauƙaƙa kuɗin. Masu martaba sarakunanmu da hakimai, ku sa baki kamar yadda kuka sa a rigakafin shan inna. Limamai, minti biyu bayan sallar Juma'a sun isa.

Ke uwargida, ke kika fara ganin maigida yana ramewa, kada ki yi shiru. Kai saurayi mai waya a hannu, karanta wa mahaifinka wannan kira a daren yau. In ya ce ya taɓa ganin jini, kada ka saya masa kwalba. Ka nemi kuɗin mota, ka raka shi asibiti a wannan makon.