A Daina Ɓalle Makullin Tsofaffin Motoci Da Sukurudireba

Daga wakilinmu a Birnin Kebbi

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ko kuwa yakan leƙa garejin kanikawa a waɗannan garuruwa biyu, ya san har yanzu akwai sauran tsofaffin motocin nan ƙirar Peugeot 404 da 504, waɗanda jama'a suka fi sani da Fijo. Waɗansu suna hannun tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya, waɗansu kuwa 'ya'ya ne suka gada, waɗansu kuma, musamman a-kori-kura, suna nan suna jigilar buhunan shinkafa daga fadama. In mutum ya buɗe ƙofar irin waɗannan motoci ya duba gabansu, sau da yawa zai tarar durowar nan da ke gaban kujerar mai zaman banza a ɓalle take. Ko dai an ɗaure murfinta da waya, ko an cusa takarda an danne, ko kuma murfin ya tafi gaba ɗaya, sai rami.

In an tambayi dalili, amsar kusan guda ce kullum. Wata rana makullin ya cije, takardun mota suna ciki, ana sauri za a kama hanya, sai aka sa sukurudireba aka banƙare. Ra'ayinmu a nan shi ne wannan ɗabi'a ɓarna ce tsagwaronta, kuma ba a kan durowar mota kaɗai ta tsaya ba. Ita ce dai ake yi wa ƙofar ofis, da kabad ɗin fayil, da famfon makaranta.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda makullin yake aiki, domin wanda ya san cikin abu ba ya saurin ɗaukar masa guduma. A cikin ɗan bututun da ake zura mabuɗi akwai waɗansu 'yan falle-fallen tagulla jere da juna, kowanne da ɗan siririn sifirin da ke tura shi waje ya maƙale a jikin gidan makullin. Idan aka zura mabuɗin da ya dace, haƙoransa sukan janyo falle-fallen nan duka su daidaita, sa'an nan bututun ya sami damar juyawa, ya ja harshen da ke riƙe da murfin. Ke nan ko guda ɗaya daga cikinsu ya ƙi motsi, mabuɗi ba zai juya ba, komai ƙarfin hannun mai murɗawa. Gidan makullin kuwa galibi ƙarfen zubi ne mai gautsi, wanda ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage.

Abubuwan da ke sa shi cijewa a wannan yanki namu sanannu ne. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke sauka tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, mai laushi kamar gari, ba ramin da ba ta shiga. Na biyu zafin bazara. A watannin Maris da Afrilu zafi a Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin motar da aka rufe aka bari a rana, inda murfin roba yakan ɗan karkace har harshen makulli ya daina zama daidai da mazauninsa. Na uku raɓar damina a kwarin Rima, wadda ke sa 'yan sifirin ɗin nan tsatsa. Na huɗu kuwa halinmu ne: a cusa lasin, da inshora, da rasiɗan shekara goma, da filaya, da tocila, a danna murfi da gwiwa. Kayan nan sukan tokare murfin daga ciki, su matse harshen har ya kasa ja da baya. Daɗin daɗawa, mabuɗin da ya shekara arba'in ana murɗa shi haƙoransa sun side, wanda aka yanko daga jikinsa kuwa ya gaji sidewar har da ƙari.

To, tun da an san cutar, maganin ba shi da wuya, kuma kusan kyauta ne. Da farko a sa tafin hannu a danna murfin ciki sosai, a riƙe, sa'an nan a juya mabuɗi a hankali. Wannan kaɗai yakan isa in kaya ne suka tokare. In bai buɗe ba, a busa ramin da famfon keke don ƙura ta fita, a goga bakin fensir a jikin mabuɗin har ya yi baƙi, a riƙa zurawa ana zarewa, ana ɗan girgiza shi sama da ƙasa. Garin fensir yana da santsi, kuma ba ya kama ƙura. Idan an riga an taɓa ɗura wa makullin mai har ya daskare, ɗigo biyu ko uku na kananzir za su narkar da dattin, a goge mabuɗin a sake, har ya riƙa fitowa fes. In akwai mabuɗi na biyu a gida, wanda ba a cika amfani da shi ba, a gwada shi. In mota ta daɗe a rana, a kai ta inuwa a jira ta huce.

Abubuwan da ba a yi su ma a bayyane suke. Kada a ɗura baƙin mai ko giris, domin da ƙurar hunturu ta same su sai su zama kamar kwaɓin ginin ƙasa. Kada a zuba man birki, yana cin fenti. Kada a kama kan mabuɗi da filaya a murɗa, domin in ya karye a ciki an koma neman maganin cuta biyu. In duk an yi waɗannan dabaru abin ya faskara, a yawancin tsofaffin motoci ana iya kwance sukurorin da ke riƙe da murfin daga ƙasa, ko a kai hannu ta bayan durowar a ture harshen. Daga nan sai a cire makullin ɗungurungum a kai wa mai gyaran makulli a kasuwa, ya warware shi, ya wanke, ya mayar. Aikin da ba ya wuce rabin awa ke nan a hannun wanda ya iya.

Wani zai ce, a wannan zamani da aka janye tallafin man fetur tun watan Mayu na 2023, albashi kuma ba ya kai wa ƙarshen wata, ina ma'aikaci ya ga sukunin damuwa da ɗan makullin durowa? Tambayar tana da hujja, amma amsarta tana cikinta. Lokacin da kuɗi ke da daraja, wanda ya ɓalle makulli sai ya shiga kanti ya sayi sabo. Yau kuwa sabon babu shi. An daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu a Faransa tun 1983, a Kaduna ma an rufe aikinta wajen 2006, ita kuwa 404 ta riga ta yin sallama da daɗewa. Wanda ya fasa makulli yau sai ya bi 'yan gwangwan yana neman na motar da ta mutu, in ya dace ya samu, to, da wani mabuɗi dabam, ko ma babu mabuɗin sam. Talaka shi ya fi kowa bukatar ya iya lallaɓa abin da ke hannunsa.

Kuma waɗannan motoci ba tarkace ba ne kamar yadda samarin yanzu suke ɗauka. An fito da 404 a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyi masu ƙura da taɓo irin namu. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ita ma ta ci tseren Safari a 1975. A wannan shekara ta 1975 ce aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna, aka kuma fara haɗa Volkswagen a Ikko. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta bi tafarkin rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar hukuma tun daga manya har ƙasa. A zamanin da Birnin Kebbi da Argungu suke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, a cikin waɗannan motoci malaman gona da masu duba makarantu da ma'aikatan asibiti suka yi rangadi. Ma'aikaci kuwa in ya sami bashin mota, burinsa bai wuce Fijo ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, aka koma ga 'yan Kwatano. Tare da su aka shigo da wata sabuwar ɗabi'a ta cire-ka-sa, watau in abu ya lalace ba a tambayar me ya same shi, sai dai a cire a sa wani tsohon da aka kwaso daga Turai. Sannu a hankali bakanike ya daina zama mai gyara, ya zama mai musanya. Tsofaffin kanikawan da suka iya warware kafireto su wanke, su naɗa waya, su gyara makulli da ɗan tsinke da haƙuri, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaran da ke gabansu kuma ba su ga ribar koyon aikin da ba a biya da tsada ba. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mai motar da ya tsaya a kan bakanike yana duba agogo, yana cewa a yi maza a ɓalle kawai, shi ne ya koya wa yaron cewa ƙarfi ya fi dabara.

A nan ne maganar ta shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Wanda ya saba banƙare durowar motarsa ta kansa, wadda ya saya da guminsa, me ake zato zai yi wa kabad ɗin ofis ran da mabuɗi ya cije? Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikata ya ga kabad ɗin ƙarfe da aka lanƙwasa wa baki, da ƙofar da aka huda aka rataya wa kwaɗo na uku, da motocin da aka jingine a bayan ofis saboda abin da bai taka kara ya karya ba, har tayoyinsu suka nutse a ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga ɗan makulli ake farawa, sai marfin tagar da ba ya hawa, sai fitilar da aka ɗaure da roba, sai a wayi gari a rubuta takarda a ce motar ta mutu, a nemi kuɗin sabuwa daga baitulmalin jama'a.

Ɗalibai kuma, musamman na kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da na jami'ar Aliero, suna da abin koyi a gida. Jelani Aliyu, wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, ya kuma shugabanci hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, a kwalejin Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit. Ba a kai wa ga zana mota sai an fara da son sanin yadda ƙaramin abu yake aiki. Ɗalibin da ya warware makullin durowa ya ga yadda falle biyar ko shida suke tsare ƙofa, ya mayar da su daidai, ya koyi darasin injiniya wanda allo ba zai ba shi ba. Ya kamata malaman sassan injiniya su nemo irin waɗannan tsofaffin motoci su ajiye a ɗakunan koyon aiki, su kuma riƙa gayyato tsofaffin kanikawan gari su nuna wa yara hannu, tun suna raye.

Akwai kuma kira ga Masarautar Argungu da hukumomin al'adu na jiha. Argungu gari ne da ya san darajar adana abin da aka gada. Bikin kamun kifi da aka faro a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya kai har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, gidan tarihi na Kanta kuma yana nan a tsohuwar fada yana tsare da makamai da tambura na Kabawa. Tseren motoci ma ya daɗe da shiga cikin shagulgulan bikin. Me zai hana a keɓe wani rukuni na tsofaffin motoci, a ba da kyauta ga wanda tasa ta fi zama yadda aka ƙera ta, har da durowa mai buɗewa da mabuɗinta na asali? Me zai hana a sayi 404 guda da 504 guda masu lafiya a ajiye don jikoki? Gidan tarihi na ƙasa da ke Ikko yana ajiye da motar da aka harbi Janar Murtala a ciki, jama'a suna zuwa kallo. Motar da ta kai malamin gona ƙauyukan fadama shekara da shekaru ita ma tana da labarin da za ta bayar. In ba a yi haka da wuri ba, 'yan gwangwan za su auna su a sikeli su tafi da su.

Daga ƙarshe muna jan hankalin masu irin waɗannan motoci da direbobin ma'aikatu da su rage kayan da suke cusawa a durowa, su ajiye kwafin takardun mota a wani wuri dabam don kada sauri ya tilasta musu ɓarna a gaban jami'an hanya, su yanko mabuɗi na biyu tun na farko bai side ba, su kuma goga wa makulli fensir a farkon hunturu da ƙarshensa. Ran da ya cije kuwa, a ba shi minti goma kafin a taɓa sukurudireba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ke hannunmu, namu da na jama'a baki ɗaya.