Sharhi: A kai yaran Malbaza su ga zaki, amma a tafi da shiri

Da zarar an sha Sallah ko an rufe lakwal don babban hutu, tashoshin mota na Malbaza da Birnin Ƙonni sai su cika da iyalai masu nufin Yamai ziyarar dangi. A cikin alkawuran da ake yi wa yara tun kafin a bar gida, akwai wanda ba sa mantawa: za a kai su su ga zaki. Galibi alkawarin nan yakan ƙare a fatar baki. Idan kuma an cika shi, sai a cika shi a gurguje, da tsakar rana, ranar da za a koma gida, yara na kukan ƙishirwa, uwa na faɗa, uba na duba agogo.

Bai kamata ya zama haka ba. Yaron da ya tashi a Malbaza ya san hayaƙin masana'antar siminti, ya san buhunan albasar Galmi, ya san manyan motoci masu wucewa dare da rana. Kura da zaki da jimina kuwa a tatsuniya ya san su, sai kuma a wayar yayansa. Kakansa ya ji kukan kura a bayan gari da kunnensa. Shi kuwa jikan, in ba a yi da gaske ba, zai girma yana ɗaukar dabbobin dajin ƙasarsa kamar wasu abubuwa ne na fim. Wannan asara ce, kuma kuɗin mota da na shiga ƙofa sun isa su rage ta.

Gidan namun dajin da kowa ya sani a Nijar yana cikin harabar gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959 a tsakiyar Yamai. Akwai zakuna da kuraye da dorina da kadoji da birai da tsuntsaye. Amma iyayen da suka tsaya a kejin zaki kawai suka juya sun cuci 'ya'yansu, domin a wuri guda ne aka ajiye ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, waɗanda aka tono a Gadoufaoua cikin jihar Agadas, har da na wani ƙaton kada da tsawonsa ya kai na babbar mota. Nan ne kuma aka adana abin da ya rage na itacen Tenere, wanda ya yi zamansa shi kaɗai a tsakiyar hamada har wata mota ta kayar da shi a 1973. Ga rumfunan kayan gargajiya na ƙabilun ƙasar, ga maƙera da dukawa suna aiki a gaban mai kallo. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya yin wata guda yana ba abokansa labarin wannan yini.

Tafiyar ce ke da wuya. Daga Malbaza zuwa Yamai ya wuce kilomita 400, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ɗan shekara uku a cinya a cikin kar tsawon wannan hanya ya san ba wasa ba ne. Don haka ranar isowa ba ranar yawo ba ce. A kwana, yara su huta, washegari a fita da sassafe. Dabbobin ma da safe suke motsi; da rana ta take, zaki kwanciya yake yi a lungun inuwa, yaro ya yi ta leƙe bai ga komai ba sai wutsiya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shiga da ƙananan yara bayan ƙarfe 11 ganganci ne. A riƙe ruwa mai yawa, a sa musu hula, a ci abinci kafin a shiga. Awa biyu sun isa. Ranar Sallah da kashegarinta kuwa, cunkoso ya fi komai yawa, wanda yake da hali ya jinkirta zuwa ranar aiki.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ido a kan yaro, kuma a nan ne ake yawan sakaci. Babba ɗaya ba zai iya lura da yara shida a cikin taro ba, balle idan waya na hannunsa yana ɗaukar bidiyon da zai sa a TikTok. A raba yaran tun daga ƙofa, kowane babba ya san waɗanda ke hannunsa. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa ƙaramin a aljihu, a nuna wa manyan wurin da za a haɗu idan an rabu. Kada a ɗaga yaro a ɗora shi a kan shinge don ya gani da kyau, kada a bar shi ya miƙa wa biri gyaɗa ko biskit ta tsakanin ƙarafa. Biri yana cizo, kuma cizonsa na bukatar likita nan take. Masu tsokanar dabba da jifa ko sanda don ta tashi a yi hoto, yawanci samari ne, ba yara ba, kuma yaran suna kallo suna koyo.

Wanda ya ga kamar an cika tsoro, ya tuna da abin da ya faru a birnin Cincinnati na Amurka a watan Mayun 2016. Yaro ɗan shekara uku ya sulale daga hannun mahaifiyarsa, ya faɗa ramin wani goggon biri mai suna Harambe, dole ma'aikata suka harbe dabbar don su ceci yaron. Can ne fa inda ake da kuɗi da ma'aikata da shinge na zamani. A kusa kuwa, a watan Oktoban 2019 zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan zu na Audu Bako da ke Kano, aka rufe wurin, mazauna unguwannin da ke kewaye suka kwana cikin fargaba kafin a mayar da shi.

Saboda haka nauyin bai tsaya kan iyaye ba. Hukumar da ke karɓar kuɗin shiga ita ce ke da alhakin shinge mai ƙarfi, da inuwa, da ruwan sha, da bayi mai tsafta, da ma'aikaci a tsaye kusa da kowace dabba mai haɗari a ranakun cunkoso. Haka kuma dabbobin kansu suna da hakki. Zakin da aka kulle a ɗan ɗakin siminti yana kai da komo bai koya wa yaro girman zaki ba, ya koya masa cewa wulaƙanta dabba ba laifi ba ne. Ya kamata allunan bayani su zama har da Hausa da Zabarmanci, ba Faransanci kaɗai ba, domin uwar da ba ta yi lakwal ba ita ma tana da ikon sanin abin da take nuna wa ɗanta.

Hanyar da ake bi zuwa Yamai ta ratsa ta Kure, kimanin kilomita 60 kafin a shiga birnin, inda raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suke kiwo a sake. A 1996 ba su kai 50 ba. Yau sun haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maradi. Wani lokaci matafiyi kan hango su daga tagar mota, kuma wannan kallon ya fi na kowane keji. Sai dai tun harin 9 ga Agustan 2020, wanda aka kashe mutum takwas a can, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, shiga dajin da iyali ba abin da za a yi da ka ba ne. A tambayi hukumomi tukuna, a kuma yi tafiyar da rana.

Saura maganar kuɗi. Iyalai da dama a Malbaza da Ƙonni da Illela ba za su iya biyan wannan tafiya ba, kuma a nan ne 'yan ci-rani da ke Abijan da Legas da Libiya suke da rawar takawa. Suna aiko da kuɗin shadda da takalmin Sallah kowace shekara, kayan da yaro zai fi ƙarfinsu kafin wata Sallar. Ƙungiyoyinsu na 'yan gari ɗaya za su iya haɗa hannu da ƙungiyar iyayen yara da magajin gari su ɗauki hayar kar guda a shekara, a kai 'yan ajin ƙarshe na firamare Yamai tare da malamansu, a kwana biyu a dawo. Idan za a yi, a fara da makarantun ƙauye, a kuma tabbatar rabin kujerun na 'yan mata ne.