Waƙoƙi 11 Da Kotu Ta Haramta, Mu Kuma Muka Binne

A watan Yunin 2009, kotun tafi-da-gidanka mai sauraren ƙararrakin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta waƙoƙi 11 a zama guda. Ba sayar da su kaɗai aka hana ba, har da saurarensu da tura su daga waya zuwa waya. A cikinsu akwai "Oyoyo" ta Adam A. Zango, da "Girgiza Kai" ta Nazir Hausawa wanda aka fi sani da Ziriums, da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala da abokan waƙarsa. Yau tsayar da duk ɗalibin jami'ar da ka ga dama a kan titin Gwammaja, ka ce ya lissafo maka uku daga cikinsu, ka ga irin kallon da zai yi maka.

An saba cewa hukuma ce ta murƙushe wannan yunƙuri na matasan Kano. Ban yarda ba. Haramci ƙara wa waƙoƙin farin jini ya yi. Abin da ya kashe su kuɗin 'yan siyasa ne, abin da ya binne su kuwa rainin da mu 'yan boko muka yi musu.

Ga yadda abin ya faro. A 2007 wani bidiyo na sirri ya bazu a wayoyi, gari ya ɗauki zafi a kan 'yan fim, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan hukumar tacewa. Aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka ce kowane ɗan wasa da mawaƙi da marubuci sai ya yi rajista. A watan Satumba na shekarar aka yanke wa Zango ɗaurin wata uku saboda kundin waƙoƙinsa "Bahaushiya". Masu sana'ar da dama suka tattara suka koma Kaduna. To, a nan ne abin da hukuma ba ta yi tsammani ba ya faru. Tun da an toshe kasuwa, sai yara suka daina neman kasuwa. A shiga ƙaramin situdiyo mai kwamfuta ɗaya da fiyano ɗaya, a kwana ana aiki, gari na wayewa waƙa ta hau waya, kafin la'asar bulutut ya kai ta majalisu da tashoshin 'yan acaɓa. Babu faifan da za a kama, babu shagon da za a rufe. Waƙa kuma ba ta soyayya ba ce, ta mayar da martani ce ga mai iko. Da aka tsare Aminu Ala a watan Yulin 2009, waɗanda ba su taɓa jin "Hasbunallahu" ba sai suka shiga cigiyarta.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Landan, kuma labarin can zai taimaka mana ganin namu da kyau. A 1975 wasu samari huɗu 'ya'yan talakawa suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Sex Pistols, a ƙarƙashin wani ɗan kasuwa mai shagon tufafi, Malcolm McLaren. Ingila na cikin matsi a lokacin: hauhawar farashi, rashin aikin yi, har ta kai gwamnati ta nemi rancen IMF a 1976. Kiɗansu, wanda ake kira pank, jita ce da ganga da ihu, waƙa ba ta cika wuce minti uku zuwa huɗu ba, ita kanta kalmar ma'anarta ta yi kusa da abin da muke cewa ɗan tasha. A ranar 1 ga Disamban 1976 suka yi ashar a talabijin ana kallo kai tsaye, kamfanin EMI ya sallame su. Kamfanin A&M ya ɗauke su a watan Maris na 1977, ya kore su cikin mako guda. A watan Mayu suka saki waƙar da suka ara wa sunan taken ƙasar, suna yi wa sarauta zambo daidai lokacin bikin cikar Sarauniya shekara 25 a kan gado. BBC ta haramta ta, ita kuwa ta haye matsayi na biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saye. Kundi ɗaya tak suka fitar. A ranar 14 ga Janairun 1978 suka yi wasan ƙarshe a San Francisco ta Amurka, suka watse cikin gaba da juna. Sid Vicious, wanda aka ɗauko don siffarsa ba don iya kiɗa ba, ƙwaya ta kashe shi a watan Fabrairun 1979 yana ɗan shekara 21, ana tuhumarsa da kisan budurwarsa.

Rayuwar ƙungiyar duka ba ta kai shekara uku ba. Amma a watan Yunin 1976 sun yi wani wasa a Manchester a gaban mutanen da ba su wuce arba'in da wani abu ba, kuma daga cikin waɗannan 'yan tsirarun aka sami waɗanda suka kafa Joy Division da The Smiths da The Fall. Abin da suka ɗauka daga wajen ba salon kiɗa ba ne. Sun ga cewa ba sai mutum ya ƙware ba, ba sai wani ya ba shi izini ba. Samarin Buzzcocks, waɗanda suka shirya wasan, rance suka ci suka buga faifansu da kansu a farkon 1977. Wannan shi ne darasin da yaran Kano suka gano da kansu bayan shekara talatin, ba tare da sun taɓa jin sunan McLaren ba.

Sai dai akwai bambancin da ya kamata ya sa mu jin kunya. A Landan kora riba ce: da A&M ta sallami Sex Pistols, fam dubu 75 ta biya su. A Kano abin da ke jiran mawaƙi kurkuku ne. Idan ana maganar jarunta, namu sun fi. Duk da haka, a 2016 babban ɗakin karatu na Birtaniya ya shirya baje koli na musamman a kan tarihin pank, da takardu da hotuna da faya-fayai, mu kuwa ko cikakken jerin sunayen waƙoƙinmu sai an sha wuya kafin a haɗa.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa a majalisun ma'aikata da zaurukan malaman jami'a. Na farko, wai kwaikwayon Turawa ne. Wannan magana ta fi ba ni mamaki idan ta fito daga bakin mutumin Gwammaja, unguwar da gidan Malam Aminu Kano yake. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a ranar 8 ga Agustan 1950 da me ta isar da saƙonta ga talakan da bai iya karatun boko ba? Da waƙa. Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu ba yabon masu mulki suka yi suna da shi ba a wancan zamani, kuma 'yan NEPU sun sha ɗauri a kotunan alƙalai saboda abin da bakinsu ya furta. Zambo da habaici ba daga Landan aka yo mana odarsu ba. Wandon da yaron ya sa da fiyanon da ya kaɗa baƙi ne, na yarda. Tsayawa gaban mai iko a gaya masa magana cikin kari da amsa-amo kuwa, gadon gida ne.

Na biyu, wai babu fasaha a ciki, hayaniya ce da zagi. A nan akwai ƙamshin gaskiya. Wasu daga cikin waƙoƙin nan 11 zagi ne tsagwaronsa, sunayensu kaɗai sun isa shaida, kuma ba zan kare su a matsayin adabi ba. Amma yi wa duka kuɗin goro rashin adalci ne. "Hasbunallahu" addu'a ce, kai ƙara ce wurin Allah a kan zalunci, cikin Hausar da kowane malamin adabi zai sa wa hannu. Hukuma da ta tsare mutum saboda addu'a ta gaya mana da kanta inda yake yi mata ƙaiƙayi. Sannan tarihi ba ya tambayar ko waƙa ta yi daɗi. Yana tambayar me mutane suke ji a ransu a shekarar da aka rera ta. Jaridu sun adana abin da gwamnati ta ce a 2009. Abin da ɗan acaɓa ya ce yana cikin waɗannan waƙoƙi.

Yanzu ga rushewar. A 2011 mulki ya sauya, Rabo ya bar kujera, matsi ya sassauta. Da a ce haramci ne ke danne waƙar tawaye, ai lokacin ne za ta yi tashe. Sai ta yi tsit. Dalili kuwa a fili yake: 'yan siyasa sun ga abin da bulutut ya yi wa gwamnati mai ci, sun fahimci cewa yaron da ke situdiyo ya fi mai lasifika a mota amfani. Aka buɗe bakin aljihu. Motoci, kujerun Makka, muƙaman mataimaka na musamman. Mawaƙin da jiya ba shi da ubangida sai jama'a, yau ya sami ubangida mai suna da jam'iyya. Ba na zargin kowa da neman abinci, musamman a kasuwar da satar fasaha ta hana mawaƙi cin guminsa. Su ma na Landan ba su tsira ba: sun sake haɗuwa a 1996 suna faɗa da bakinsu cewa kuɗi suka zo nema, jagoransu John Lydon ya yi tallar man shanu a 2008, a 2015 har katin banki aka buga da sunansu. Kura dai ba ta da ƙabila.

Duba yadda kame ya sauya kama. An gurfanar da Sadiq Zazzaɓi a 2017, an kama Nazir M. Ahmad a 2019, dukansu bisa tuhumar sakin waƙa ba tare da izinin hukuma ba, kuma jama'a da dama sun karanta lamarin a matsayin rikicin manya da ya faɗo kan mawaƙansu. Wato an tashi daga kama mai ƙalubalantar iko, an koma kama wanda ake ganin ya yabi ɓangaren da ba shi ke mulki ba. Ita kanta kujerar hukumar tacewa ta koma hannun 'yan masana'antar: Isma'ila Na'abba Afakallah a zamanin Ganduje, Abba El-Mustapha daga 2023. Dokar da aka yi kuka da ita tana nan daram, masu riƙe da bulalar ne kawai suka sauya.

Abin da ya rage na gado shi ne hanyar. Duk yaron da ke naɗar waƙa a ɗakinsa ya ɗora a YouTube ko TikTok ba tare da ya bi ta hannun ɗan kasuwa ba, a kan turbar 2008 yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba. Mawaƙan hip-hop na Hausa da suka yi tashe daga baya, irin su ClassiQ da DJ AB, sun tarar da kunnuwan da wasu suka riga suka buɗe. Hanya ta wanzu, haƙora ne suka zube.

Laifinmu kuwa ya fi na mawaƙan nauyi, domin su yunwa ta kore su, mu girman kai ne. Mun ji waƙoƙin a ɓoye, mun yi dariya, mun goge. In ban da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Carmen McCain da suka ɗauki abin da muhimmanci suka rubuta, yawancinmu mun ɗauka shirmen yara ne. Gidan Mambayya, wanda yau cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, shi ya fi cancanta ya tattara waƙoƙin nan 11, da takardar hukuncin da ya haramta su, da hira da waɗanda suka rera su da waɗanda suka kama su, tun yawancinsu suna raye. Aikin ba ya buƙatar gini ko kwamiti. Yana buƙatar ɗalibi ɗaya da na'urar naɗar murya, da wanda zai zaga wurin masu tura waƙa a Farm Centre da Beirut Road ya tambayi wa ke da tsohuwar kwamfutar da ba a goge ba. Waƙoƙin ba a kan takarda aka rubuta su ba, a kan memori suke, memori kuwa ba ya kai shekarun takarda.