Sharhi: Araha Ba Ta Ado A Birkin Tirelar Jirgin Ruwa

Masu safara da ƙananan jiragen ruwa a Legas, Warri da Fatakwal kan kashe maƙudan kuɗi wajen sayen inji, amma su yi ƙwauro a kan birkin tirelar da ke ɗaukar jirgin. Wannan kuwa ganganci ne.

Duk lokacin da za a sauke jirgi, ƙafafun tirela sukan nutse cikin ruwan gishiri. Birki mai ganga rufaffe ne, yana riƙe ruwa da yashi, tsatsa ta ci shi a ɓoye har ya ƙi kamawa ranar da ake bukatarsa. Birki mai faifai kuwa a buɗe yake: ruwa na tsiyayewa, wanke shi ba wuya, kuma bakanike na ganin lalacewarsa da ido.

Gaskiya ne ya fi tsada, musamman na ƙarfen da ba ya tsatsa. Sai dai kuɗinsa bai kai na jirgin da ya kife a kan titi ba, balle ran ɗan Adam.

Ya kamata Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta riƙa duba birkin waɗannan tireloli kamar yadda take duba na manyan motoci.