A Duba Ƙofar Fita Tun Ba A Shiga Ba

Idan an sayar da albasar Goronyo, an kai shinkafar fadamar Wurno kasuwa, kuɗi sun shigo hannu, akwai shawarar da kan tashi a zaurukan malamai da na fatake: yaro ya ƙare sakandare, ya ce shari'a zai karanta, to, wace makaranta za a kai shi? Wani uban ya bi sunan da ya fi amo, wani ya bi inda ya fi araha. Duka biyu ba su ne ma'auni ba. Ma'auni shi ne ƙofar da takardar za ta buɗe wa yaron ran da ya fito.

Dā ɗalibi yakan durƙusa gaban malami ya sauke Risala da Askari da Muhtasar, ya haɗa da Tuhfa, in an yarda da adalcinsa Sarki ya naɗa shi alƙali. Cikin 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. A nan Malam Abubakar Gumi ya yi karatu, har ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Da sabon kundin hukuncin laifuffuka ya fara aiki a 1960, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, sai aka riƙa tura alƙalai kwas Zariya. Tun daga lokacin ilmin zaure shi kaɗai bai isa ya hau da mutum kujerar shari'a ba, sai da takarda.

Yau hanya biyu ce. Ta farko kwalejojin shari'a na jihohi, irin ta Aminu Kano da ke Kano, masu ba da difloma. Karatunsu gajere ne, kuɗinsu da sauƙi, mai takardarsu yana iya samun aiki a kotunan shari'a ko ya yi malanta. Amma fa a sani, difloma ba ta mai da mutum lauya, sai dai ya taka ta ya shiga jami'a.

Ta biyu jami'a: shekara 5, sa'an nan shekara 1 a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a Ikko a 1962, yanzu cibiyarta na Bwari kusa da Abuja, tana da reshe a Bagauda ta Kano. Sai wanda ya ci jarrabawarta ake ba izinin tsayawa gaban kotu.

To, ga yaron da ya tashi da allo, ya san Larabci, shawara ita ce ya nemi digirin da ya haɗa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa. Ana koyar da shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Bayero a Kano, da ta Ahmadu Bello a Zariya. Dalili kuwa, tsarin mulki na 1999 bai yarda a naɗa alƙalin Babbar Kotu ba sai wanda ya shekara 10 da zama lauya, Ƙadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kuma sai mai shaidar ilmin shari'ar Musulunci wadda aka amince da ita. Mai digirin nan makulli biyu ke hannunsa. Ga shi Sakkwato kusa take, uba na iya leƙa ɗansa ya komo gida ran nan.

Akwai kuma tarkon da ya kamata a kiyaye. Majalisar da ke kula da ilmin lauya ita ke amincewa da sashen shari'a na kowace jami'a, ta yanka masa yawan ɗaliban da zai ɗauka. Wanda ya shiga sashen da ba a amince da shi ba, ko aka ɗauke shi bayan an wuce ƙa'ida, yana iya ƙare shekara 5 ya tarar da ƙofar Bwari a rufe. Falke ba ya cinikin biri a sama. Lalle uba ya tambaya tun bai biya ko kwabo ba.

Wasu malamai na hana 'ya'yansu wannan hanya domin tsoron haɗarin alƙalanci, kuma tsoron yana da asali. Amma in masu tsoron Allah suka janye duka, wa zai raba gado, ya tsai da iyakar gona a fadama, ya warware rikicin jingina da bashi? Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bai wallafa Liya'ul Hukkami don a guje wa hukunci ba, sai don a gyara shi. Ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kwance cikinta tun 1837 bai dace ta rasa masana shari'a daga 'ya'yanta ba.

Fatake kuma kada su lissafa karatun nan kamar jarin da ke komowa kaka guda. Sabon lauya yakan yi shekaru ƙarƙashin babba yana karɓar abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya shiga don kuɗi kaɗai shi ne wanda hannunsa ke saurin miƙewa ga toshi. A zaɓa wa yaro makarantar da hukuma ta sani, a haɗa shi da malamin da zai riƙe masa zuciya.

Allah Ya sa a dace. Amin.